Tambayoyi da Amsoshi Kan Amfani da Ƙwayoyin Tushe Wajen Warkar da Raunukan Fata

Mene ne ƙwayoyin tushe, kuma me ya bambanta su da sauran ƙwayoyin halittar jiki?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma akasarinsu kowace na da aiki guda da ta ƙware a kai: wata tana ɗaukar iska a cikin jini, wata tana motsa tsoka, wata tana kai saƙo a jijiya. Ƙwayar tushe, wadda likitoci ke kira sitem sel, ita ce wadda ba ta riga ta ɗauki sana'a ba. Idan ta rabu biyu tana iya haifar da irinta, ta yadda zuriyarta ba za ta ƙare ba, kuma tana iya haifar da ƙwayar da za ta girma ta zama ma'aikaciya. Waɗannan siffofi biyu su ne ma'aunin, kuma yana da kyau mai karatu ya riƙe su, domin abubuwa da yawa da ake tallatawa da wannan suna ba su cika ko ɗaya daga ciki ba.

Shin fata tana da nata ƙwayoyin tushe?

Tana da su, kuma da su take rayuwa. Fatar babban mutum ta kai faɗin mita murabba'i 1.5 zuwa 2, kuma hawa biyu ce: siririn saman da ke kare jiki daga ƙwayoyin cuta da bushewa, da kuma mai kaurin da ke ƙarƙashinsa, inda jijiyoyin jini da saiwar gashi da mafitar gumi suke. Saman fata yana zubewa kullum ba tare da mun sani ba, yana kuma sabunta kansa cikin kimanin wata guda, saboda ƙwayoyin tushen da ke shimfiɗe a gindinsa. Akwai wata ma'ajiya ta biyu a jikin saiwar gashi, wadda masu bincike a Amurka suka bayyana a shekarar 1990. Wannan ne dalilin da ya sa ƙunar da ta tsaya a sama take warkewa da kanta, domin sabuwar fata tana tsirowa daga kowace saiwar gashi da ta tsira, ta bazu har ta haɗu da ta maƙwabciyarta. Ƙunar da ta ci har ƙasa kuwa ta ƙone ma'ajiyar duka biyu, sai dai fata ta rarrafo daga gefen raunin, abin da ba zai isa ba idan wurin yana da faɗi.

Me ke sa wani rauni ya warke, wani kuma ya zama gyambo?

Warkewar rauni tana bin matakai huɗu da ke shiga cikin juna. Da farko jini ya daskare ya toshe wurin. Daga nan ƙwayoyin garkuwar jiki su taru su kashe ƙwayoyin cuta su kwashe mataccen nama, lokacin da wurin ke yin ja da kumburi da zafi. Sai matakin gini, inda sababbin ƙananan jijiyoyin jini ke tsirowa, wasu ƙwayoyi da ake kira fibirobulas su saƙa zaren kolajin, wato sinadarin da ke ba fata ƙarfi, su cike ramin, saman fata kuma ya rufe shi. Na ƙarshe shi ne gyaran saƙar, wanda kan ɗauki shekara guda ko fiye.

Gyambo rauni ne da ya maƙale a mataki na biyu, kumburi ya ƙi sauka, gini ya kasa farawa. Kusan kullum akwai dalilin da ke riƙe da shi: toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, taruwar jini a ƙafa saboda jijiyoyin mayar da shi sun yi rauni, ciwon sukari da ya kashe jin zafi har mutum ya ci gaba da taka mikinsa, nauyin jikin majiyyacin da ya daɗe a kwance a gefe guda, cutar sikila, ko ƙwayoyin cuta da suka yi sansani a cikin raunin. Alƙaluma sun nuna cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon sukari za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, wannan kuwa shi ya sa masu bincike suka duƙufa neman abin da zai tayar da warkewar da ta tsaya.

An taɓa ceton ran wani da wannan hanya, ko har yanzu magana ce ta ɗakin gwaje-gwaje?

An ceci rayuka, kuma tun da daɗewa, sai dai nasarar da ta tabbata ta zo ne daga ƙwayoyin tushen fata ita kanta. A shekarar 1975 Howard Green da ɗalibinsa James Rheinwald, a jami'ar MIT da ke Amurka, suka gano yadda za a raini ƙwayoyin saman fatar mutum a cikin farantin ɗakin gwaje-gwaje su yi ta ninkuwa, ta hanyar shimfiɗa su a kan ƙwayoyin ɓera da aka hana rabuwa, waɗanda ke ciyar da su. Daga ɗan yankin fata da bai fi kan sarki na wasiƙa girma ba, ana iya samun shimfiɗar da za ta rufe jikin mutum cikin kimanin makonni 3. A 1981 aka wallafa rahoton farko na dasa irin wannan fata ga masu ƙuna a birnin Boston. A 1983 kuma aka kai wasu yara biyu 'yan'uwa asibiti, masu shekara 5 da 6, waɗanda wuta ta ƙone fiye da kashi 95 cikin 100 na jikinsu, irin ƙunar da a wancan zamani ba a sa rai da mai ita. Kusan rabin jikin kowannensu da fatar da aka raina daga 'yan wuraren da suka tsira aka rufe shi, kuma dukansu sun rayu. Wannan fasaha ce ake sayarwa a yau da sunan Epicel, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2007 domin masu ƙuna mai zurfi da ta kai kashi 30 cikin 100 na jiki ko fiye.

Labarin da ya fi nuna ƙarfin waɗannan ƙwayoyi ya faru ne a birnin Bochum na Jamus a 2015. Wani yaro ɗan shekara 7, ɗan asalin Siriya, yana fama da cutar gado da ake kira efidamolisis bulosa, wadda ke sa saman fata ya kasa mannewa da na ƙasa, ya riƙa saɓulewa da ɗan gogayya kaɗan. Yaron ya rasa kusan kashi 80 cikin 100 na saman fatarsa, magungunan da aka gwada duk sun gaza. Sai aka yanki fata mai faɗin santimita murabba'i 4 daga inda bai lalace ba, aka aika wa Michele De Luca a jami'ar Modena ta Italiya, shi da abokan aikinsa suka saka lafiyayyen kwafin ƙwayar gadon da ta lalace, wato umarnin halitta da ake gada daga iyaye, mai suna LAMB3, a cikin ƙwayoyin, suka raine su har suka samar da fata mai faɗin mita murabba'i 0.85. An dasa masa ita a tiyata uku, aka sallame shi a watan Fabrairun 2016, ya koma makaranta. Abin da ya fi jan hankalin masana a rahoton da aka wallafa a 2017 shi ne, bayan watanni 8 sai aka tarar cewa sabuwar fatar kusan gaba ɗaya 'yan tsirarun ƙwayoyin tushe ne ke riƙe da ita, sauran ƙwayoyin da aka dasa sun yi zamaninsu sun zube. Ke nan ɗorewar dashe ta dogara ne da ko ainihin ƙwayoyin tushe sun shiga cikinsa, yawan ƙwayoyin da aka zuba ba shi ne abin dubawa ba. A watan Afrilun 2025 hukumar FDA ta amince da wani magani mai kama da wannan, Zevaskyn, domin raunukan wani nau'i na wannan cuta.

Fatar da aka raina tana da nata naƙasu. Siririya ce ƙwarai, tana yagewa da sauƙi, ƙwayoyin cuta na iya cinye ta kafin ta kama, kuma saman fata ne kawai, babu hawan ƙasa mai ba ta kauri da laushi. Makonni ukun jira ma ba ƙaramin lokaci ba ne ga wanda jikinsa ke buɗe.

Mene ne feshin fata da ake ji a labarai?

Likitar ƙuna Fiona Wood da masaniyar kimiyya Marie Stoner, a birnin Perth na Ostareliya, su suka fito da dabarar fesa ƙwayoyin fata a kan rauni, kuma sunanta ya bazu bayan an yi amfani da ita ga wasu daga cikin waɗanda harin bam na Bali ya ƙona a 2002. A na'urar ReCell da aka samar daga wannan aiki, wadda FDA ta amince da ita a 2018, likita yana yankar ɗan siririn yanki daga lafiyayyar fatar majiyyaci, ya narkar da abin da ke haɗa ƙwayoyin, ya fesa ruwan a kan ƙunar a cikin ɗakin tiyata, duka cikin kimanin minti 30. Santimita murabba'i 1 na iya wadatar da wuri mai faɗin har santimita murabba'i 80. Ruwan gauraye ne na ƙwayoyin fata iri-iri, ciki har da masu ba ta launi, ƙwayoyin tushe kuma wani kaso ne a ciki. A ƙuna mai zurfi ana haɗa feshin ne da dashen fata na al'ada.

To, ƙwayoyin da ake ciro daga ɓargo da kitse da igiyar cibiya fa, su ma suna rikiɗa su zama fata?

A nan ne ruɗani ya fi yawa. Waɗannan su ne ake kira ƙwayoyin mesenkaimal, waɗanda Alexander Friedenstein ya fara ganowa a cikin ɓargo a birnin Masko tsakanin shekarun 1960 da 1970, daga baya a 2001 masu bincike a Los Angeles suka nuna cewa kitse ma yana ɗauke da irinsu. A cikin faranti suna iya zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse, wannan ya sa aka yi zaton idan an zuba su a rauni za su zauna su zama sabon nama. Gwaje-gwaje sun nuna akasin haka: yawancinsu suna mutuwa ko su ɓace cikin 'yan kwanaki. Amfanin da ake gani yana zuwa ne daga sinadaran da suke fitarwa kafin su tafi, waɗanda ke kwantar da kumburi, su sauya halin ƙwayoyin garkuwa daga faɗa zuwa gyara, su kira sababbin jijiyoyin jini, su kuma zaburar da ƙwayoyin fatar majiyyaci da ke gefen raunin su ci gaba da tafiya. Aikinsu ya fi kama da na mai shela da ke tayar da magina daga barci, ginin kuwa masu gida ne ke yin sa. Arnold Caplan, wanda shi ne ya raɗa musu sunan ƙwayoyin tushe a 1991, da kansa ya nemi a sauya sunan a 2017, yana mai cewa sunan yana yaudarar marasa lafiya su ɗauka za a sake gina musu sassan jiki.

Wannan bai sa su zama marasa amfani ba. A 2003 likitoci biyu a Amurka, Evangelos Badiavas da Vincent Falanga, sun ba da rahoton majiyyata uku masu gyambon da ya ƙi jin magani, waɗanda raunukansu suka rufe bayan an sa musu ƙwayoyin ɓargonsu. A asibitin sojoji na Percy da ke kusa da Paris kuma an haɗa tiyata da allurar irin waɗannan ƙwayoyi wajen jinyar wani ma'aikaci daga ƙasar Chile da ya ɗauki wani ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya a ƙarshen 2005, irin ƙunar da kan ci gaba da cin nama watanni bayan faruwarta. Sai dai majiyyaci ɗaya ko uku ishara ce kawai, hujja tana buƙatar ɗaruruwa.

Mai gyambon ciwon sukari zai iya dogara da su?

A halin yanzu wannan magani yana matakin gwaji ne. An gudanar da gwaje-gwaje da dama a ƙasashe daban-daban, kuma da yawansu sun nuna raunuka suna saurin rufewa, amma akasari mutane kaɗan ne a cikinsu, kowane rukuni da irin ƙwayoyinsa da adadinsa da hanyar ba da shi, wasu kuma likita da majiyyaci duk sun san wanda ya karɓi maganin, abin da ke iya karkatar da hukunci. Ƙa'idojin da kwamitin ƙwararru na duniya kan ƙafar masu ciwon sukari ya fitar a 2023 ba su sa ƙwayoyin tushe cikin jinyar yau da kullum ba.

Akwai darasi a abin da ya sami maganin Alofisel, wanda aka yi da ƙwayoyin kitse domin yoyon dubura na masu cutar hanji ta Crohn. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2018 bayan gwajin farko ya yi kyau, amma gwaji na biyu da ya fi girma bai nuna ya fi maganin bogi da aka ba wasu domin kwatantawa ba, aka janye shi daga kasuwar Turai a watan Disambar 2024. Sakamako mai daɗi a gwajin farko yakan dushe idan aka faɗaɗa shi.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai gyambo shi ne, babu ƙwayar da za ta rayu a wurin da jini ba ya zuwa, ko wurin da ke cike da mugunya, ko wurin da ake takawa kullum. Buɗe jijiyar da ta toshe, kankare mataccen nama, maganin ƙwayoyin cuta, ɗauke nauyi daga kan mikin da filasta ko takalmi na musamman, ɗaure ƙafa da bandeji mai matsewa idan taruwar jini ce sanadi, da daidaita sukari, su ne ke warkar da mafi yawan gyambo. Likitoci da yawa suna bin wani ma'auni mai sauƙi: idan gyambon ƙafar mai ciwon sukari bai ragu da rabi ba bayan makonni 4 na kyakkyawar kulawa, da wuya ya rufe a makonni 12, kuma a lokacin ne ake tunanin ƙara wani abu a kai.

Wanne ya fi, ƙwayoyin jikin majiyyaci ko na wani?

Ya danganta da abin da ake nema. Idan ana son fata ta dindindin, dole ta fito daga jikin mai ita, domin garkuwar jiki tana fatattakar fatar wani cikin 'yan makonni. Idan kuwa saƙon sinadarai ake nema, ƙwayoyin wani na iya wadatarwa, kuma suna da fa'idar kasancewa a ajiye a daskare, a shirye. Na majiyyaci suna buƙatar a huda ƙashin ƙugu ko a zuƙo kitse, sannan ƙwayoyin tsoho ko na wanda ya daɗe da ciwon sukari ba su da kuzarin na matashi mai lafiya, wato wanda ya fi buƙatarsu shi ne nasa suka fi rauni.

Ana amfani da ƙwayoyin ɗan tayi a wannan jinya?

Duk magungunan da aka ambata a sama ba daga ɗan tayi suke ba, igiyar cibiya da mabiyiya kuma bayan haihuwa ake karɓarsu da izinin uwa. Ƙwayoyin ɗan tayi, waɗanda James Thomson ya fara rainon na mutum a 1998, suna iya zama kowane irin nama, amma sun jawo muhawarar addini da ɗa'a. A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna cewa da ƙwayoyin gado huɗu ana iya mayar da ƙwayar fata ta koma irin wannan hali na farko, ya yi hakan da ƙwayoyin mutum a 2007, ya kuma sami kyautar Nobel a 2012 tare da John Gurdon. Waɗannan har yanzu kayan bincike ne a fannin fata, domin ƙwaya ɗaya da ba ta gama rikiɗa ba tana iya tsiro da ƙari.

Wane haɗari ke tattare da lamarin?

A gwaje-gwajen da hukumomi ke sa ido a kai, ƙwayoyin mesenkaimal da aka sa a kan rauni ba su cika haifar da mummunar illa ba, ko da yake ana kaffa-kaffa da su ga wanda ke da ciwon daji a kusa da wurin, tun da suna ƙarfafa tsirowar jijiyoyin jini. Ɓarna mafi yawa ta fito ne daga asibitocin kuɗi da ke sayar da abin da ba a gwada ba. A 2017 wata mujallar likitoci ta ba da rahoton mata uku a jihar Florida da suka rasa gani, ko akasarinsa, bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitse a idanu. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sanar da mutum 12 da aka kwantar a asibiti bayan an yi musu allurar kayan jinin cibiya da suka gurɓata da ƙwayoyin cuta. Abu mai rai ba a tafasa shi a kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki, don haka tsabtar wurin da aka sarrafa shi ita ce kariyar majiyyaci.

Man shafawa da aka rubuta ƙwayoyin tushe a jikinsa fa?

Ƙwayar halittar mutum ba ta rayuwa a cikin kwalbar mai a kan kantar shago, wasu kayan ma daga tsirrai irin su tuffa aka tatso su, ƙwayar tsiro kuwa ba ta zama fatar mutum. Ruwan jinin da ake tacewa a tattara ƙwayoyin daskarar da jini shi ma wani abu ne daban, ko da yake wasu masu talla suna haɗa sunayen. Bai dace a shafa kayan kwalliya a kan buɗaɗɗen rauni ba.

Za a kai lokacin da rauni zai warke ba tabo, har gashi ya tsiro?

Tabo faci ne da jiki ke yi cikin gaggawa: zaren kolajin a jere a layi ɗaya, babu gashi, babu mafitar gumi, ƙarfinsa kuma ba ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na fatar asali. Amma halitta ta nuna cewa akwai wata hanya. Ɗan tayi a farkon ciki yana warkewa ba tabo, kuma a 2012 masu bincike suka bayyana wani ɓera mai ƙayoyi a bayansa da suka kama a Kenya, wanda fatarsa ke yagewa idan maƙiyi ya cafke shi, sannan ta dawo da gashinta. A 2020 rukunin Karl Koehler a Amurka ya raini ƙananan dunƙulen fata masu saiwar gashi daga ƙwayoyin tushen mutum, aikin da ya ɗauki watanni 4 zuwa 5 a faranti. A 2021 kuma rukunin Michael Longaker na jami'ar Stanford ya nuna cewa idan aka toshe saƙon da miƙewa da ɗaurewar fata ke aika wa ƙwayoyin fibirobulas, raunin ɓera yana warkewa da gashi da ƙananan mafitar mai. Fatar ɓera sakwakkwa ce, tana rufe rauni ta hanyar tsukewa, ta mutum kuwa a ɗaure take, shi ya sa sakamakon ɓera ke buƙatar a maimaita shi a alade, wanda fatarsa ta fi kusa da tamu, kafin a zo kan mutane.

Idan aka yi wa mutum tayin wannan jinya, me ya kamata ya tambaya?

Ya tambayi ainihin irin ƙwayoyin, daga jikin wa aka ciro su, a ina aka sarrafa su, kuma wace hukumar magunguna ce ta amince da su domin irin rauninsa takamaimai, domin amincewa da magani kan wata cuta ba ta wuce zuwa wata. Idan aka ce gwaji ne, ya nemi lambar rajistar gwajin da sunan kwamitin ɗa'a da ya ba da izini da takardar yarda da zai karanta a natse, ya kuma lura cewa gwajin gaskiya ba kasafai yake cajin majiyyaci kuɗin maganin da ake gwadawa ba. Wurin da ke cewa allura guda tana maganin gyambo da ciwon gaɓoɓi da shanyewar jiki da tsufa, ko wanda hujjarsa hotunan kafin da bayan jinya ne kawai, abin gudu ne. Kafin duk wannan kuma, mai gyambon ƙafa ya tabbata an auna gudun jini a ƙafar, an kuma duba ko ciwon ya taɓa ƙashi, sannan mikin da ya yi watanni bai rufe ba, ko gefensa ya tashi ya yi tauri, a yanki ɗan nama daga ciki a gwada, saboda wani ciwon dajin fata yakan fito da kamannin gyambo.